Gadar Malam

Rafin da ya raba garinmu da makarantar firamare ba wani babba ba ne, da rani akuya ma tsallake shi take yi. Amma da ruwan Agusta ya sauka, sai yara su tuɓe riga su ɗora allo da jaka a ka, ko su zauna a gida har ya janye. Da Allah ya sa aka yi mana gadar ƙafa, ta kankare mai hannun ƙarfe, babur na wucewa amma mota ba ta shiga, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari. Maganar suna a kaina ta faɗo.

Mu biyar muka zauna a zauren dagaci bayan isha'i, muka yanke a sa sunan shugaban ƙaramar hukuma, tunda shi ya sa hannu aka fitar da kuɗi. In faɗi gaskiya, rijiyar burtsatse muke hange. Washegari na kai wa mai fenti kuɗi ya rubuta allo.

Ina cikin kafa allon sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin rafin ta ɗago kai.

"Ɗan nan, sunan wa ke jiki?"

Na faɗa mata. Ta juya ƙosanta, ta ce, "To, madalla. Mu dai gadar Malam muka sani."

Malam ɗin da take nufi shi ne tsohon hedimasta, wanda ya yi ritaya. Shekara da shekaru shi ke naɗe wando ya goya 'yan aji ɗaya ya ƙetare da su, kuma kusan duk wasiƙar roƙon gada da ke cikin fayil ɗina rubutun hannunsa ne. Ni da nake riƙe da fayil ɗin ban tuna ba, sai da mai ƙosai ta tuna min. Kunya ta kama ni.

Abu na biyu na koye shi a sakatariya. Ashe ƙungiyarmu ba ta da hurumin raɗa suna ko kaɗan. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi sanya wa hanyoyi da tituna suna, kuma ma'aikacin da na samu ya ce gadarmu ma ta nan za ta bi: takarda a rubuce, sa hannun dagaci, sannan majalisar kansiloli ta zauna. Allon da na biya ya zama asara, a bayan ɗakina yake har yau.

A zama na biyu mun kira kowa, har mata da matasa masu acaɓa. Wani malamin sakandare ya tuna mana ranar 29 ga Mayun 2012, da Shugaba Jonathan ya sauya wa Jami'ar Legas suna zuwa na Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, sunan bai zauna ba. Wani direba kuma ya ce a je Kano, titin Zariya, a ji yadda 'yan adaidaita ke cewa Gadar Lado, saboda sanatan da ya kawo aikin. Bakin mutane ne ya kafa sunan. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, Malam ya ci.

Wahalar da ta rage ita ce kai wa shugaba takardar da babu sunansa. Na kwana biyu ina juya ta a aljihu. Dagaci ya raka ni, shi ya yi magana: "Ranka ya daɗe, kai ka gina, shi ya roƙa, kuma tsoho ne." Mutumin ya yi shiru, ya karanta, ya ce shi ma hedimasta ne ya koya masa baƙi. Ya sa hannu.

Ranar buɗewa Malam ya zo da sanda, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar gadar, ya girgiza ƙarfen gefe, ya ce min ramukan sun yi faɗi, ɗan aji ɗaya zai iya zurarewa. Kuɗin raga muke haɗawa yanzu.