Na ci gardamar, amma ban ga ƙafar yaron ba

Ni malamin firamare ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, inda ake kirana Metir, wato malam, amma duk Asabar bayan la'asar nakan rataya usur in je in yi wa yaran unguwa alƙalancin ƙwallo, 'yan ƙasa da shekara 13. Filinmu rairayi ne zalla. Da toka muke zana layi, kafin a je hutun rabin lokaci ƙafafu sun share rabi, iska ta kwashe saura.

Ran da abin ya faru, ana cikin zafin watan Afrilu ne, irin wanda ko Binuwai ja da baya take yi. Saura 'yan mintoci a tashi, babu wanda ya ci. Ƙwallo ta fita, na ba da bugun gola. Mai tsaron gida ya ɗan gangara wa ɗan bayansa da ke tsaye cikin yadi 18, shi kuwa yaron ya tsaya yana jira ta fita daga da'irar, kamar yadda aka koya masa. Sai ga wani ɗan ƙaramin ɗan gaba, takalminsa ɗaya ɗaure da roba, ya zo a guje ya ɗauke ta ya jefa a raga. Na busa, na nuna tsakiyar fili.

Kocin waɗanda aka ci dattijo ne, ya girmi mahaifina, ya buga ƙwallo tun kafin a haife ni. Ya shigo fili yana karkaɗa hula: "Metir, wannan wace irin shari'a ce? Ƙwallo ba ta fita daga 18 ba! A sake bugu!"

Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, wannan dokar ta daɗe da sauyawa."

Kuma gaskiya na faɗa. Tun watan Yunin 2019 hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallo, ta ce da zarar an taɓa ƙwallo a bugun gola ta motsa, wasa ya tashi, ba sai ta fita daga da'irar ba. A shekarar ne aka ce idan katanga ta kai mutum uku, 'yan ɗaya ɓangaren su ba ta tazarar mita 1, aka kuma ce ƙafa ɗaya ta wadatar wa gola a kan layi lokacin fenareti. Na zayyana masa duka, har da waɗanda bai tambaya ba, ina jin daɗin bakina. Wani matashi ya buɗe waya ya karanta dokar da Faransanci, jama'a suka ce Metir ya yi daidai. Baba ya mai da hularsa ya fita bai ƙara cewa uffan ba.

Sai dai dokar tana da ɗaya rabin da ban ambata ba. Dole abokan hamayya su kasance a wajen da'irar har sai an buga. In ɗayansu yana ciki, ba don an yi saurin bugu ya rasa damar fita ba, ya kuma taɓa ƙwallon, sake bugun ake yi. To ina ƙafar yaron da ya ci ƙwallon take lokacin da gola ya buga? Ban gani ba. Na riga na juya baya ina tafiya tsakiyar fili, domin jikina ya saba da tsohon zamani da gola ke narka ƙwallo sama. Kaina ya haddace sabuwar doka, ƙafafuna suna bin tsohuwa. Da Baba ya tambayi inda yaron ya tsaya, da na rasa ta cewa; Allah ya sa abin da na sani ya tambaya.

Ran Litinin yaron ya same ni a bakin aji, yana murza gefen rigarsa. Ya ce, "Metir, ni fa a ciki nake tsaye. Layin ya goge, amma na san a ciki nake." Na ce ya je aji. Na fi minti biyar riƙe da alli ban rubuta komai ba.

Mutanen Garwa ba su manta da jan katin Iwobi, ɗan wasan Najeriya, ba, ran 23 ga Janairun 2022 a filin Roumdé Adjia, da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci 1-0. Har yau ana musu a kansa a wurin mai shayi. Amma wancan alƙalin yana da allon da ya koma ya duba kafin ya sauya kati. Ni idona ne kawai, shi ma na kai shi wani wuri.

Yanzu in za a yi bugun gola, da baya da baya nake tafiya, fuskata na kallon da'irar, sai na ga kowace ƙafa ta fita. Ina zuwa da gwangwanin toka na biyu don hutun rabin lokaci. Kafin a take wasa kuma nakan tara koci biyu da kyaftin biyu, minti uku, mu yarda a kan bugun gola, katanga da satar gida, musamman cewa babu satar gida a jifa, kwana ko bugun gola, don nan ma ana yawan tayar da jijiyar wuya.

Na je har gida na sami Baba a zaure na faɗa masa abin da yaron ya ce. Ya daɗe yana dariya, sannan ya tura mini kofin shayi ya ce, "To ƙwallon tamu fa, wa zai biya?"