Gasar fatsa ta yamma a kogin Isa: yadda ake shirya wa giwan ruwa

Gasar yamma gajera ce. Daga bayan la'asar zuwa isha'i awa uku ne da ɗan wani abu, kuma a cikinsu lokacin da giwan ruwa ke farauta da gaske bai fi minti arba'in ba, wato daga jan rana zuwa rufewar duhu. Duk wanda wannan lokaci ya riske shi yana ɗaurin ƙugiya ko yana neman ɗan kifin da zai maƙala, to ya zo rakiya ne.

Tsarin daga Amurka aka aro shi, inda masu kamun kifin bas ke haɗuwa bayan tashi aiki, kowane jirgi ya kawo kifi biyar mafi girma, a auna, a rage maki ga wanda kifinsa ya mutu, sannan a mayar da su ruwa. Babu bas a kogin Isa, wato kogin Neja. Abin da ya yi kama da shi wajen hali a nan Yamai shi ne giwan ruwa, amma biyar sun yi yawa a yamma guda. Kifi uku, kowanne kada ya gaza santimita 50, sun isa a gane gwani. A yanke wannan magana kafin a shiga jirgi, haka ma kuɗin shiga, lokacin dawowa, da maganar sallar magariba, domin ita ce ke faɗowa daidai lokacin cin kifi. Mafi adalci a tsayar da minti goma sha biyar kowa ya ɗaga zarensa. Sannan dokar kamun kifi ta ƙasa ta tanadi izini, a je wurin jami'an ruwa da gandun daji tun da wuri, a kuma gaida sarkin ruwan wurin.

Watannin Maris zuwa Yuni sun fi, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi haske, duwatsu suka fito, kifi ya taru a gurabe masu zurfi. A Agusta da Satumba jan ruwan damina ya dagule, ga kainuwa tana naɗe zare. A Disamba da Janairu ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso, kogi ya yi faɗi, kifi ya watse.

Kayan ba su da yawa. Zaren leda mai kaurin milimita 0.45 ko 0.50 a kan keken naɗi, a ƙarshensa a ƙara wani guntu mai kaurin 0.80 zuwa 1, tsawon kamar santimita 80. Wannan guntun shi ne mutane ke raina wa, alhali murfin kuncin giwan ruwa yana da kaifi kamar zarto, idan ya yi tsalle ya girgiza kai sau biyu siririn zare ya tafi. Ƙugiya lamba 5/0 zuwa 7/0, dalma giram 30 zuwa 60 gwargwadon ƙarfin ruwa, a sa ta tana zamewa a kan zaren don kada kifi ya ji nauyi ya tofar. A jiƙa ƙulli da miyau kafin a tsuke shi, busasshen ƙulli yana ƙona ledar, kuma daga nan yake tsinkewa. Birkin keken a daidaita shi tun a tudu, ya riƙa sakin zare idan jan ya kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren.

Wajen abin maƙalawa a ƙugiya, ɗan kifi mai rai ya fi komai: karfasa ko kawara mai tsawon yatsa zuwa tafin hannu. A soka ƙugiya a gadon baya, gab da ƙayar sama, ba tare da taɓa ƙashin tsakiya ba. In an taɓa, sai ka gan shi ya kife yana nuna farin ciki sama, giwan ruwa kuwa ba ya cika kula mushe. Kada a cusa fiye da goma sha biyu a bido mai lita 20, a ajiye shi a inuwa, a sauya rabin ruwan duk minti ashirin. Ruwan zafin Afrilu ba ya riƙe iska sosai, shi ya sa masu cika bido ke tarar da rabinsu sun mutu tun rana ba ta faɗi ba.

Wurin jifa shi ne inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, bayan dutse, gefen tsibiri, ko ƙasan ginshiƙin gada inda aka yarda a tsaya. A kashe inji tun daga nesa, a ƙarasa da filafili, a daina buga ƙafa a cikin jirgi. A zaɓi wuri biyu kawai. Yawon neman wuri na uku shi ke cinye magariba.

Cin giwan ruwa zuƙa ce, ba cizo ba. Za ka ji bugu ɗaya mai nauyi, sai zare ya fara tafiya. Ƙirga uku, ka bar zaren ya miƙe, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya. Gudunsa na farko wajen dutse yake yi, a nan ake karkatar da sanda gefe a juyo da kansa. In ya taso zai yi tsalle, a sunkuyar da bakin sanda wajen ruwa. Idan kuwa zare ya dawo a yanke sumul, ba a goge ba, aikin tsage ne, kifin nan mai kaifin haƙora, sai a ƙara ɗan siririn waya mai santimita 15 kafin ƙugiya.

A kama shi ta leɓen ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, a kiyayi ƙayoyin baya. Tunda jiragenmu ba su da wurin ajiye babban kifi da rai, ya fi sauƙi kowane jirgi ya ɗauki sikelin rataye da mutum ɗaya daga wani ɓangaren a matsayin shaida, a auna a cikin jiƙaƙƙen buhu, a ɗauki hoto, a sake shi nan take. Sikelin duka a gwada su da dutsen awo ɗaya kafin tashi, don mafi yawan rigima daga nan take fitowa.

Rigar ceto da tocilar goshi dole ne. Masu yin sama wajen ƙauyen Bubon su tambayi Sorkawa inda dorina take a makon nan, domin da faɗuwar rana take fitowa kiwo, kuma jirgin da ya tsaya tsakaninta da gaɓa ya tare mata hanya.