Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sarewa Ɗaya, Goge Biyu

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin kula da tsofaffi a Edinbara, bayan kuɗin tallafin karatuna ya maƙale a gida wata biyar, babu amo babu labari. Na yi muku alkawarin labarin tsohuwar da ta fi kowa ba ni wahala. To ga shi.

Gidanta a hawa na uku yake, cikin tsofaffin benayen dutsen nan na garin da sanyi ke ratsawa kamar ba a yi musu ƙofa ba. Aikina safe da yamma ne: in dafa shayi, in jera magunguna, in yi cefane, in rubuta a littafi cewa ta ci ta sha. Ta haura tamanin da biyar. Ranar farko bakina ya suɓuce na kira ta Kaka, ta tsare ni da ido ta ce me ke nan. Da na fassara mata sai ta ce, "Ba laifi. Amma kada ka ɗauka don ka ce mini Kaka zan sha shayi mai sanyi." Ita kuwa "yaro" take ce mini, ni da gemuna.

A saman kabad ɗinta akwai wani ɗan akwati ruwan ƙasa, bai wuce wanda ake saya wa yaro in zai tafi makarantar kwana ba. Ba ta yarda a taɓa shi, ko ƙura ba a gogewa. Sai da na yi wata uku kafin ta faɗa mini cewa da shi ta shigo Birtaniya tana 'yar shekara tara. Bayahudiya ce, haifaffiyar Biyana. Hitila ya haɗiye ƙasarsu Ostiriya a watan Maris na 1938, a Nuwamba aka bi dare aka ƙona wuraren ibadarsu aka fasa shagunansu. Daga nan ne Birtaniya ta yarda ta karɓi yara, amma ban da iyayensu. Yara wajen 10,000 suka shigo ta wannan hanya kafin yaƙi ya ɓarke a Satumbar 1939, kowanne da akwati ɗaya da lamba rataye a wuya. Ubanta mai gogen Turawa ne, yana kiɗa a gidajen shan gahawa. Shi ya ɗaure mata igiyar takalmi a tashar jirgin ƙasa. Ba ta sake ganinsa ba, shi da uwarta. Ta faɗi wannan ne tana shafa man shanu a burodi, ta kuma ce in miƙo mata gishiri.

Wata Laraba ta ce, "Yaro, ran Asabar za ka raka ni jin kiɗa."

Na ce Asabar ba ranar aikina ba ce. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zaɓe ta.

Da na koma masauki na faɗa wa abokin ɗakina, wani bawan Allah ɗan Zariya mai karatun injiniya. Ya ajiye cokali ya ce, "Malam, coci fa ka ce. Kuma kiɗa. Kuma na Yahudawa. Ukun nan duka a rana ɗaya? Kai ba ka ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa?" Na ce ina gani, kuma har yau da nake wannan rubutu abin yana ci mini rai. Amma matar nan shekararta tara aka rataya mata lamba, ban ga ta inda zan ɗora mata wannan lissafi ba. Ya ce to, kai ka sani. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce tausayi ne ya kai ni: 'yarta ta kira daga Landan ta ce za ta biya kuɗin tasi da na awa huɗu. Mai bashin haya wata biyu ba ya raina awa huɗu.

A cikin tasi, mun wuce tashar Haymarket kaɗan, ta ɗaga sandarta ta nuna wani ƙaton gini mai hasumiyoyi, kai ka ce fadar sarki ce. Ta ce, "Donaldson ke nan, makarantar kurame ce a da. Nan aka fara kulle shi." Na ce wa? Ta dube ni kamar na tambayi wane ne Annabi Musa.

Hans Gál take nufi. Abin da zan faɗa muku game da shi, rabi daga bakinta na ji, rabi na bi na karanta daga baya saboda kunyar jahilcina. An haife shi kusa da Biyana a 1890. Mai tsara kiɗa ne, wato irin waɗanda ke zama su rubuta kiɗa a takarda da alamomi, wasu su karanta su kaɗa. Wasan waƙarsa da suke kira opera, mai suna Agwagwa Mai Tsarki, an fara nuna shi a Dusildof a 1923, ya zaga gidajen wasa na Jamus. A 1929 aka ba shi shugabancin makarantar koyon kiɗa ta birnin Mainz. Hitila na hawa mulki a 1933 aka sallame shi, aka haramta kaɗa duk abin da ya rubuta. Ya koma Biyana, 1938 ta riske shi a can, ya sake tattara iyalinsa ya tsallaka Birtaniya. Wani shehin malamin kiɗa, Donald Tovey, ya jawo shi Edinbara ya samar masa aikin jera littattafai a ɗakin karatun kiɗa na jami'a. Mutumin da ake tafa wa a manyan zauruka ya koma rubuta katin littafi.

An gudu ba a tsira ba. A watan Mayun 1940, da sojojin Jamus suka doshi Faransa, tsoro ya kama gwamnatin Birtaniya, ta ce a kama mazan da suka fito daga ƙasar maƙiya. Ba a tsaya tantance wanda ya gudo daga Hitila da wanda ke yi wa Hitila addu'a ba, aka zuba su waje ɗaya. Daga Donaldson aka kai Gál sansanin Huyton kusa da Libaful, wasu gidajen gwamnati da ba a gama ginawa ba aka zagaye su da waya mai ƙaya, daga nan kuma sai Tsibirin Man. Wasu fursunonin aka loda su a jirgin ruwa zuwa Kanada; ɗaya daga cikin jiragen, Arandora Star, Jamusawa suka nutsar da shi a watan Yuli, ɗaruruwa suka mutu. A cikin wannan hali ne ya duba abin da ke sansanin na kayan kiɗa, ya tarar da sarewa ɗaya da goge biyu. Sai ya rubuta kiɗa na sarewa ɗaya da goge biyu. Shi za mu je ji.

Mun isa da wuri saboda ƙafarta. Ƙaramin coci ne, kujerun katako, mutane ba su fi arba'in ba, kusan duk furfura. Ni kaɗai ne baƙar fata. Na zaunar da Kaka na rufa mata bargo a gwiwa. Makaɗan ɗalibai ne, 'yan mata biyu da saurayi ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta zauna a gefe ta buɗe akwatin gogenta, ta fito da wani ɗan dunƙule ruwan zuma a ƙyalle, ta kama goga shi a jikin izgar bakanta, sama da ƙasa, sama da ƙasa, a hankali, tana kallon wani wuri daban. Farar ƙura ta ɗan tashi.

Ƙaro ne. Gabana ya faɗi.

A nan dole in faɗi abin da na ɓoye muku tun kashi na ɗaya. Na ce muku Babana manomi ne. Manomi ne, amma da rani mai goge ne. Na tashi ina ganinsa zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar, ƙoƙon goge a cinya, an rufe shi da fatar guza, yana shafa wa izgar doki ƙaro daidai yadda yarinyar nan ke yi, har da kallon wani wurin. Kun san matsayin mai goge a wurinmu. Ba a ba shi 'ya da daɗin rai, ana kiransa biki da dare a yi kamar ba a san shi ba da safe. A makarantar kwana aka taɓa kirana ɗan maroƙa, na fasa wa yaro baki, tun daga ranar duk takardar da aka ce sana'ar uba sai in rubuta noma. Daga baya wa'azi ya yi yawa a garinmu, surutu ya yi yawa, Baba ya rataye gogen a bayan ƙofa. Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya kulle shi, kada wani ya ce na haɗa shi da mutanen da aka ƙona. Shi dai ya daina, mu kuma 'ya'yansa muka ji daɗi.

Aka fara kiɗa. Ni na shirya jin kuka ne, na ɗauka abin da aka rubuta a bayan waya mai ƙaya zai fito kamar zaman makoki. Ina! Sarewa ta fito da tsalle, gogen nan biyu suna bin ta suna tsokanar juna, kamar yara uku sun sami fili bayan ruwan sama. A tsakiya ya ɗan lafa, ya yi taushi, kafin ka ce me ya sake miƙewa. Na saci kallon Kaka. Idonta a rufe, yatsanta ɗaya na bugun kan sanda. Bai fi minti goma sha biyar zuwa ashirin ba aka gama.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ce mata, "Kaka, wannan ai kiɗan murna ne."

Ta ce, "To me kake so? Ya yi musu kuka? Kuka kowa ya zo da nasa. Abin da babu shi ya kawo musu."

Sannan ta shiga lissafo mini sauran masu kiɗan da suka gudu daga Hitila da yatsu, kamar mai ƙirga dangi. Schoenberg da Korngold sun ƙare a Los Anjalas, Korngold yana yi wa finafinai kiɗa. Kurt Weill a Niyok. Zemlinsky ya mutu a Amurka a 1942, ba a ko san da shi ba. Arnold Rosé, wanda ubanta ke cire hula in an ambaci sunansa, ya yi sama da shekara 50 yana jan ragamar masu goge a babbar tawagar makaɗan Biyana, aka kore shi, ya mutu a Landan. 'Yarsa Alma, ita ma mai goge, a sansanin Auschwitz ta mutu a 1944. Ta ce shi Gál an sake shi bayan wata huɗu saboda ciwon fata ya kama shi, amma a 1942 ya rasa mahaifiyarsa, 'yar'uwarsa da innarsa suka kashe kansu don kada a kwashe su zuwa sansani, ƙaramin ɗansa ma ya kashe kansa. Ya zauna a Edinbara, ya yi shekaru yana koyarwa, a can ya rasu a 1987, yana da shekara 97.

"Na sha ganinsa a wajen kiɗa," in ji ta. "Ɗan tsoho da kwat. Mutanen garin nan malami suka ɗauke shi. Hitila ya hana kiɗansa shekara goma sha biyu, sauran shekarun kuma mu muka ƙarasa masa da mantuwa." Gaskiyarta. Manyan kiɗe-kiɗensa huɗu da ake kira simfoni, sai da ya yi fiye da shekara ashirin a kabari kafin aka ɗauke su a faifai.

Na tashi in karɓo mata shayi a bayan zauren. A can an kafa allo an manna tsofaffin hotuna, ɗaya ya tsayar da ni. Zane ne na baƙin mutum, an yi masa leɓɓa kamar na biri, da doguwar hula da ɗan kunne, yana busa saksafon, a ƙirjinsa an maƙala tauraron Yahudawa. Tallan wani baje koli ne da 'yan Nazi suka yi a watan Mayun 1938, na abin da suka kira gurɓataccen kiɗa. A ina? A Dusildof, garin da aka fara tafa wa Agwagwar Gál shekara 15 kafin nan. Na daɗe a tsaye. Ni da na shigo ina ganin ba ruwana, 'yan rakiya ne mu, ashe tuni an zana ni a jikin takardar. Wata dattijuwa ta zo gefena, ta dubi hoton, ta dube ni, fuskarta ta yi ja, ta wuce sumsum.

Shayin ya huce kafin in kai. Kaka ta kurɓa ta yamutsa fuska, amma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na ga yadda ka kalli yarinyar can tana shafa ƙaro. Ko dai son ta kake, ko ka san abin."

Na ce na san abin. Na faɗa mata komai, da fatar guza, da bakin yaron da na fasa. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa tun barina gida. Ta tambaya ko an rubuta kiɗan Baba a takarda. Na yi dariya na ce mu ba ma rubutawa, a ka yake, daga uba sai ɗa.

"To wane ɗan ne ya karɓa?"

Mu bakwai ne maza. Na yi shiru. Allah ya taimake ni aka buga ƙararrawar komawa.

Daren nan na sayi katin waya na fam biyar na kira gida. Inna ta ɗauka. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, gogen Baba yana nan kuwa?" Ta ce, "Wane goge? Au, wancan. Ɓera ya cinye fatar tun bara waccan, ƙoƙon ne nake zuba iri a ciki." Na ji tana cewa, "Malam, ga ɗanka yana tambayar goge." Aka yi ta ƙus-ƙus, sannan muryarsa ta fito.

Na ce, "Baba, barka da dare."

Ya ce, "Barka kadai. Wa ya aiko ka?"

Na ce babu kowa, tunawa kawai na yi. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, ina jin kukan akuya a bayansa. Can ya ce, "Izgar dai tana nan, na adana ta a cikin gafaka." Sai kuma ya yi gyaran murya ya ce damina ta kusa, yaya maganar kuɗin taki?

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda aka yi na koma gidan Kaka ran Litinin na tarar ta sauko da akwatin nan da kanta, ita da ko kofi ba ta iya ɗagawa da hannu ɗaya.