Kakana ba majiya ba ne

Daren da na fara gyara a Wikipedia ta Hausa, bayan isha'i na zauna na rubuta sakin layi uku a kan kasuwar Kurmi. Duk abin da na zuba daga bakin kakana na ji shi, Allah Ya jiƙansa, mutumin da ya tsufa yana sayar da kayan dukawa a cikinta. Na kwanta ina jin na yi wa Kano aiki.

Da safe na duba, ko harafi babu. Na mayar, aka cire, na sake mayarwa. Lokacin ban san wannan ja-in-ja laifi ba ne, har ma a sashen Ingilishi wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi.

Wanda ya cire rubutun ya bar mini saƙo a shafin tattaunawa. Ya yi sallama, ya yi mini barka da zuwa, sannan ya tambaya a ina aka buga abin da na rubuta. Ni kuwa na hau sama, na ce wato kakana ne maƙaryaci? Amsarsa ta sanyaya mini jiki. Ya ce shi bai ƙaryata tsohon ba, amma mai karatu a Zinder ko Kumasi ba shi da hanyar tantancewa, tunda ba zai iya zuwa ya tambaye shi ba.

Na ji kunya, don kuwa abin ba baƙo ba ne a wurina. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a kawo hadisi a ce "na ji an ce". Sai an faɗi wanda ya ruwaito da littafin da yake ciki. Ni da nake yi wa yara faɗa a kan haka, ga shi na zo ina neman a karɓi nawa ba isnadi.

Mako guda na yi ina bincike. A ƙarshe na samu cewa tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya jingina kafa kasuwar ga Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Jumla ɗaya tak na rubuta, na liƙa mata manazarta har da lambar shafi. Ba wanda ya taɓa ta.

Sauran ladubban da tuntuɓe na koye su. Saƙon WhatsApp da rubutun Facebook ba hujja ba ne, ko sau dubu aka tura. Kwafo labarin BBC Hausa kalma da kalma satar fasaha ce. Ka karanta, ka rufe, ka faɗa da bakinka, ka nuna inda ka samo. Akwai ɗan gurbi a ƙasa na bayyana abin da ka canja, cike shi ba ya cin minti ɗaya. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne kirari. Hannuna ya saba da "gwarzo" da "shahararren malami", alhali can ba a yabo ba a zagi, musamman a kan mai rai, inda zargi mara hujja ake cire shi nan take.

Har yanzu da abin da ke damuna. Yawancin tarihinmu yana bakin tsofaffi, kuma ƙa'idar ba ta san su ba sai wani ya buga. Labarin kakana na yadda fatake ke sauka da raƙuma bai shiga ba, ba kuma zai shiga ta hannuna ba. Shi ya sa ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki waya na tafi wurin ƙaninsa, wanda ya haura tamanin, na naɗi muryarsa awa biyu. Wata ɗalibar tarihi a unguwarmu ta ce in tura mata, ko zai shiga kundinta.