Na fara rubutun memuwar

Jiya da dare na rubuta shafin farko na memuwar ɗina na Master 2, wato kundin binciken kammala digiri na biyu. Wata huɗu suka rage a miƙa aiki kafin sutunansi, wato ranar kare aikin gaban malamai, kuma sati uku na yi ina buɗe kwamfuta ina rufewa, gabana yana faɗuwa.

Batuna ajiyar albasar Galmi ne. A cikinta na tashi. Na san yadda kuɗinta ke faɗuwa warwas a watan Maris da Afrilu in kowa ya kwashe gonarsa, na san rudu da babana ke zuba ta a ciki, da warin wadda ta ruɓe in damina ta shigo da laima. Amma da na zauna rubutawa, sai na so in zuba komai lokaci guda: noma, rance, dillalai, manyan motocin da ke ɗauka zuwa Gana da Kodebuwa.

Ranar Talata na haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda jami'a take, na sami malamin da ke duba aikina. Ya karanta, ya ɗauki jan biro ya zagaye layi ɗaya tak: nawa manomi ke asara tsakanin girbi da sayarwa? Ya ce, "Ɗiyata, wannan ce tambayarki. Sauran ki bar wa digirin dakta."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Yanzu bayan sallar asuba nake zama, kafin zafin Yamai ya taso, awa biyu, waya a kashe. Takardar tambayoyi ta kusa kammala. Ranar Asabar in sha Allah zan hau mota zuwa Galmi, kawuna ya yi alkawarin haɗa ni da manoma a garkarsu.