Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Haƙoran Keken Faransa

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da aka sallame ni daga asibiti da gwiwar dama a ɗaure, bayan faɗowar da na yi daga kan tsani a wurin aikin fenti. Wata huɗu na yi ƙafata ba ta taka feda ba. Da likita ya ce zan iya komawa kan keke muddin ban takura wa gwiwar ba, sai na ciro shi daga ƙarƙashin matakala, na kakkaɓe ƙura, na ɗura wa tayoyin iska, na nufi Aziziyya kamar yadda na saba. Ban kai tsakiyar tudun farko ba na sauka ina turawa. Duk wanda ya zauna a Makka ya san gari ne da aka shimfiɗa a tsakanin duwatsu, kuma daga wajenmu na Shari'a Mansur da wuya mutum ya doshi wata unguwa bai gamu da hawa ba.

Keken ƙirar Peugeot ne na tsere, fari, mai tambarin zaki a goshi, irin na shekarun 1970. Na saye shi ina saurayi a kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin Jidda, kuma ranar da na kawo shi gida mahaifina ya daɗe yana dariya, yana cewa shi a Kano Fijo mota ce, bai taɓa sanin tana haihuwa ba. A gaba yana da faranti biyu, babba mai haƙora 52 da ƙarami mai 42. A baya kuwa firiwil ne, wato jerin ƙananan farantai masu haƙora da ake murzawa a cibiyar taya, mai hawa biyar, daga haƙora 14 zuwa 24. Ma'anar waɗannan lambobi ban damu da ita ba sai da gwiwa ta tilasta mini. Idan kaca tana kan 42 a gaba da 24 a baya, wato giya mafi sauƙi da keken ya mallaka, duk zagaye ɗaya na feda sai tayar baya ta juya sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu, kusan mita huɗu ke nan a ƙasa. A shimfiɗaɗɗen titi wannan ba komai ba ne, amma a kan tudu kowace mita daga cikin gwiwa ake zaro ta.

Lissafin ya nuna mini cewa abin da nake bukata shi ne firiwil mai manyan haƙora, kuma a nan ne gaggawa ta ja mini asara. Na samu wani sabo mai hawa biyar da ya kai 28, na kai wa wani yaro mai faci a bakin hanya ya ɗaura mini. Ya cire tsohon da guduma da kurfi, ya ɗora sabon, ya murza. Zagaye biyu ko uku na farko sun tafi sumul, daga nan abu ya cije. Ya ce tsatsa ce, ya zuba mai ya ƙara ƙarfi, ni kuma ina tsaye ina ƙarfafa masa gwiwa, domin haka ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Washegari da asuba, ina miƙewa a kan feda a farkon hawa, sai na ji ƙafata ta zurma babu abin da ya tare ta, firiwil yana juyawa shi kaɗai taya tana tsaye.

Wani maƙwabcinmu ne ya nuna mini shagon wani dattijo a wajen Hindawiyya, wanda kowa ke kira Baba mai keke. Haifaffen Maiurno ne a gaɓar Shuɗin Nilu, garin da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, kuma a Atbara ya koyi sana'ar, garin ma'aikatan jirgin ƙasa da ya yi suna da hawan keke. Shi ya sa har yau keke a bakinsa ajala ne, irin faɗar mutanen Sudan, ko da yake duk unguwar sikal ake cewa. Na gaishe shi na durƙusa, na zayyana masa abin da ya faru. Bai ce uffan ba sai da ya zare firiwil ɗin, ya sa ɗan yatsa a kan cibiyar tayar, ya ɗago shi da garin alminiyam yana ƙyalli.

"Ɗana, wa ya gaya maka Bafaranshe da Baturen Ingila bakinsu ɗaya?" in ji shi.

Daga nan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da ban manta ba. Zaren da ake murza firiwil a kansa, wanda makanikai ke kira tiredi, ba iri ɗaya ba ne a tsofaffin kekuna. Na Faransa faɗinsa milimita 34.7 ne, tazarar kowane zare da ɗan'uwansa milimita ɗaya cif. Na Ingila, wanda kamfanonin Japan suka bi har ya game duniya, inci 1.37 ne da zare 24 a kowane inci, wato tazararsa ta ɗara milimita ɗaya da ɗan kaɗan. Cibiyar tayata zaren Faransa gare ta, sabon firiwil ɗin kuwa na Ingila. Ido ba ya ganin wannan bambanci, kuma shi ne tarkon: a zagayen farko suna karɓar juna, amma kowane zagaye yana ƙara saɓanin, har ƙarfen firiwil ya cinye zaren cibiyar, tun da alminiyam ya fi shi laushi. A ganina da bambancin ya fi haka girma da ya fi alheri, domin da tun farko ba zai shiga ba.

Cibiyar ta riga ta mutu, sai dai a sake. Baba ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe ya yi ta tono har ya samo cibiya ƙirar Japan mai zaren Ingila da ramuka 36, daidai da ramukan wilin. Kafin ya amince da ita sai da ya auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam biyu na baya, ya samu milimita 120, wadda ita ce ma'aunin kekuna masu hawa biyar. Na roƙe shi ya sa mini mai hawa shida, tun da an riga an shiga kashe kuɗi. Ya ƙi. Ya ce mai shida na yau da kullum 126 yake nema, kuma ko da yake ana iya buɗa firam ɗin ƙarfe, ba ya ganin dalilin tanƙwara lafiyayyen abu saboda giya guda, alhali ciwona ba ƙarancin giya ba ne, nauyinta ne. Kwana biyu ya yi yana saƙa sifoka ɗaya bayan ɗaya, yana juya wilin yana kasa kunne ga inda yake gogar birki.

Firiwil ɗin da ya zaɓa daga 14 zuwa 32 ne, kuma wannan ya jawo wani canjin. Ƙarfen da ke ɗaga kaca daga hawa zuwa hawa, na asali ƙirar Simplex mai jikin roba, hannunsa gajere ne, ba zai iya haye haƙora 32 ba, ba kuma zai iya tattare rarar kaca ba idan ta sauko kan ƙananan haƙora. Baba ya ƙirga da yatsu: tsakanin 52 da 42 akwai goma, tsakanin 32 da 14 akwai sha takwas, jimla 28, kuma duk abin da za a ɗaura dole ya iya haɗiye wannan rarar. Ya sa mini tsohon SunTour mai dogon hannu, wanda ya zo da ƙugiyarsa da ake maƙalawa a bakin gatarin taya, don haka ba a taɓa firam ɗin ba. Kaca ma sabuwa aka sa mai ƙarin tsawo, ya gwada ta a kan babban faranti da babban hawa tare, domin gajeriyar kaca a wannan matsayi tana iya fizge ƙarfen giyar ta cusa shi cikin sifoka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne 'yan sandunan canja giya guda biyu da ke jikin firam, waɗanda ya bari yadda suke. Na ɗauka su ma sai an sake su, amma ya ce irin na da ba su da ƙidaya, waya kawai suke ja gwargwadon yadda hannu ya tura, saboda haka ba ruwansu da ƙasar da aka ƙera sauran kayan. Farantan gaba ma bai taɓa su ba. Ya gargaɗe ni cewa fedar keken da gindin da take juyawa a ciki duk zaren Faransa ne, kada in bari kowa ya kusance su da kayan da bai auna ba.

Ranar da na karɓi keken bayan la'asar ne. Na biya shi, ya mayar mini da wani abu daga ciki ya ce in sayi man shafawa na gwiwa, ya kuma ƙulle matacciyar cibiyar a leda ya ce in tafi da ita. Na bi hanyar da ta kayar da ni makonni uku da suka wuce. Da na iso gindin tudun na tura sandar dama har ƙarshe, kaca ta yi 'yar ƙara ta haye kan 32, zagayen feda ya koma ƙasa da mita uku. Tafiyar ba ta da sauri, har wani yaro mai ɗauke da burodi ya jera da ni a ƙasa yana kallona, amma ban tashi daga kan sirdi ba, gwiwar kuma ba ta yi magana ba har na kai sama. A kan wannan keke na koma neman aiki, kuma shi ya kai ni ƙofar ɗan kwangilar da zan ba da labarinsa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.