Abin da ɗakin jarirai ya koya mini game da cutar tetanus

A makarantar koyon aikin jinya, alamomin tetanus da muka haddace su ne sarƙewar muƙamuƙi, sandarewar jiki da fizga. Amma a ɗakin jarirai ba da wannan bayanin ake zuwa ba. Abin da uwa ko kaka take fara faɗa shi ne, "Malama, ya ƙi kama nono." Ni kuma sai in tambaya, da can yana sha? In aka ce kwana biyun farko ya sha lafiya lau, yana kuka kamar kowane jariri, daga baya ne bakin ya ƙi buɗuwa, to gabana yakan faɗi. Yunwa yake ji, muƙamuƙin ne ya ƙulle.

Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 da 14 da haihuwa, galibi wajen kwana na bakwai, wato daidai lokacin suna. Gida cike da 'yan barka, sai a ce bari a sallami baƙi tukuna, ko a ce iska ce a nemo hayaƙi. Ƙwayar cutar kuwa tun ranar haihuwa ta samu ƙofa. A ƙasa take zaune da cikin kashin dabbobi, tana shiga ta cibiya: tsohuwar reza, zaren da ba a dafa ba, toka, ko tsumman da ake gasa cibiyar da shi. Askar wanzami ma hanya ce, in an zo cire beli.

Dafin ƙwayar yana bin jijiyoyi har zuwa laka, ya toshe saƙon da ke sa tsoka ta saki. Daga baki sai fuska ta yamutse, hannu ya dunƙule, wuya da baya su lanƙwashe kamar baka. Sannan fizga ta fara, kuma ita ce mai kisa, domin tana iya tsayar da numfashi. Abu biyu muke dubawa mu gane nauyin ciwon: ko ya fara kafin kwana bakwai, da kuma ko fizgar ta biyo bayan daina shan nono cikin ƙasa da awa 48. In duka biyun suka haɗu, sai addu'a da sa ido.

Darasin da ya fi mini wuya shi ne kame hannu. An horar da mu a kan yawan duba majinyaci, ga shi nan ƙarar ƙofa, hasken tocila ko taɓawa kaɗan na tayar da fizga. Don haka ɗaki mai duhu, shiru, a haɗa allura da gyaran shimfiɗa da ciyarwa a lokaci guda bayan an ba da diazepam, maganin kwantar da fizga. Uwa ta tatsi nono, a ba shi ta robar hanci. Ana ba da metronidazole don kashe ƙwayar, da allurar karya dafi, sai dai ita wannan allurar, dafin da bai riga ya kama jijiya ba kaɗai take iya tarewa. Inda dafin ya riga ya kama sai jiki ya gyara da kansa, abin makonni. Dole a faɗa wa dangi haka tun ranar farko, in ba haka ba bayan kwana uku za su ce asibiti ya gaza, su ɗauke ɗansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 cutar ta kashe a 1988, zuwa 2018 adadin ya sauko kusan 25,000. Ba injinan asibiti ne suka kawo wannan ragin ba, allurar rigakafin da ake yi wa mata ce da tsabtar karɓar haihuwa. Mai ciki ta samu allura biyu, mako huɗu tsakani, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa, kariyar tana ratsawa ta mabiyiya zuwa ga ɗan. Cibiya kuma a shafa mata chlorhexidine kawai, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Shi ya sa ba na barin mai jego ta tafi ba a yi mata allurar ba, ko ɗan ya rayu ko ya koma. Wanda ya rayu ma sai an yi masa nasa rigakafin a kan lokaci, domin warkewa daga tetanus ba ta hana sake kamuwa.